Dashen tuffata ya yi wata 15 bai tashi ba: ina neman shawarar masu lambu

Mai lambu a Argungu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da manoman da ke wannan zaure, ina kuma roƙon wanda ya san kan bishiyar tuffa ya taimaka mini da shawara, domin al'amarin ya kai inda dabarata ta ƙare.

A watan Yulin bara ƙanena da ke aiki a Jos ya aiko mini da dashen tuffa guda 12 a cikin baƙar leda, dukkansu masu aure (wato an ɗaura reshen wani iri a kan gindin wani), 8 irin da ake kira Anna, 4 kuma Dorsett Golden, kamar yadda aka rubuta a 'yan takardun da aka ɗaura musu. Na dasa su a lambuna da ke bakin fadama, a ɓangaren da na saba noma tumatir da kuɓewa da rani, na bar taku huɗu tsakanin kowace bishiya da 'yar'uwarta. Na haƙa ramukan da zurfi, na nutsa dashen sosai na danne ƙasar da ƙafa, saboda ina gudun kada iskar da ke zuwa gaban hadari ta kwantar da su. Ranar da na dasa su na samo karan dawa na auna tsawon kowanne, na yi wa karan alama da wuƙa na soke shi a rumfa. Shekaranjiya da na ɗauko shi na sake aunawa, wanda ya fi ƙoƙari a cikinsu taƙi ɗaya kacal ya ƙara, guda 5 suna nan daidai alamar da na yi musu, 2 kuma sun mutu a watan Agustan da ya wuce. Gwaibar da na dasa a mako ɗaya da su, a cikin wannan lambun, tuni ta wuce kaina.

Ganyensu ƙanana ne, bakin ganyen ya ƙone ya yi ruwan ƙasa kamar an kara shi a wuta, tsofaffin ganyen da suka zo da su daga Jos kuwa sun daɗe a maƙale ba su zuba ba. Sabon toho a can ƙarshen reshe kawai yake fitowa, ya yi cunkus kamar tuntun hula, idanun da ke jikin reshen kuma sun ƙi buɗewa. A kan guda 3 sabon ganyen yana fitowa rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suke zama kore.

Ban yi musu ƙwauron kulawa ba. Da rani bokiti biyu nake ba kowanne safe da yamma, kuma duk wata ina zuba wa kowanne yuriya cikin gwangwanin madara a gindinsa. A watan Fabrairu guda 3 sun yi fure har suka ɗaura 'ya'ya, na yi murna na bar su, amma da zafin Afrilu ya shigo sai 'ya'yan suka kakkaɓe tun ba su wuce girman goro ba. Shin in ƙara takin ne, ko in sauya zuwa takin kamfa (NPK)? Ko kuwa ƙasarmu ce ba ta karɓar tuffa, in haƙura in tuge su in sa mangwaro?

Malamin gona mai ritaya a Birnin Kebbi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa albarka a lambun. Kafin mu je ko'ina, ka dakatar da yuriyar nan daga yau. Yuriya taki ne mai zafi, kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, kuma cikin gwangwanin madara a gindin ƙaramar bishiya duk wata ya isa ya ƙona siraran saiwoyin da take shan ruwa da su. Bishiyar da saiwarta ta ƙone tana nuna ƙishirwa ko da tana tsaye a cikin ruwa, mai lambu ya ga haka ya ƙara mata ruwa ya ƙara mata taki, cutar ta yi ta ninkuwa alhali shi yana ganin magani yake yi. Ƙonewar bakin ganyen da ka bayyana ta yi kama da wannan ƙwarai.

Ƙaramar tuffa mai lafiya, wadda ba ta fara ɗaukar 'ya'ya ba, rassanta kan ƙara santimita 30 zuwa 50 a shekara. Taka ba ta kai haka ba duk da ruwa da takin da take samu, saboda haka hankalina ya fi karkata ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma maganarka ta cewa ka nutsa dashen sosai ita ta fi tsaya mini a rai. Dashe mai aure bishiya biyu ne a jiki ɗaya: akwai gindin da ke da saiwa, akwai kuma reshen Anna ko Dorsett da aka ɗaura a kansa, kuma inda suka haɗu yakan bar ɗan kumburi ko karkata a jikin karan. Wannan mahaɗar dole ta kasance a sarari, kamar santimita 10 sama da ƙasa. Idan aka binne ta, ɓawon da aka halitta don ya sha iska yana zama cikin danshi dare da rana, sai ya fara ruɓewa ya zagaye karan, abinci ya daina sauka zuwa saiwa. Idan gindin irin MM106 ne, wanda masu renon tuffa a Afirka ta Gabas ke yawan amfani da shi, to an san shi da saurin kamuwa da ruɓar gindi a ƙasar da ke riƙe ruwa. Ka tambayi ƙanenka ya binciko maka irin gindin da aka yi auren a kai.

Mutuwar biyun nan a watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi yawa kuma fadama ta cika, ita ma tana nuna haka. Gwaiba tana jure kwanciyar ruwa na 'yan kwanaki, tuffa kuwa ba ta da wannan haƙurin. Ka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya kusa da layin, ka cika shi da ruwa, in ya tsotse ka sake cikawa, ka dawo washegari a daidai wannan lokacin. Idan ka tarar da ruwa a ciki, to wurin ba na tuffa ba ne sai an yi mata tudu. Ganyen da ke fitowa rawaya da koren jijiya kuwa alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma sau da yawa sinadarin yana nan a cikin ƙasar, saiwar ce ta kasa ɗaukarsa, ko don ruwa ya shaƙe ta ko don ƙasar tana da kanwa. Tuffa ta fi son ƙasar da awonta na pH, wato ma'aunin tsami da kanwar ƙasa, yake tsakanin 6 da 7. Kada ka zuba toka a gindinsu kamar yadda wasu za su ba ka shawara, domin toka ƙara wa ƙasa kanwa take yi. In kana da hali, ka ɗebi ƙasar wurin ka kai sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a auna maka.

Saura batun idanun da suka ƙi buɗewa, wanda shi ba laifinka ba ne, halin bishiyar ne. Asalin tuffa daga duwatsun Asiya ta Tsakiya take, wajen ƙasar Kazakistan, inda take zubar da ganye ta yi barci a lokacin sanyi, kuma ba ta farkawa da kyau sai ta tara wasu awoyi na sanyin da bai wuce digiri 7 ba. Ire-iren da ake nomawa a Turai da Amurka da yawansu suna bukatar awa 800 zuwa 1,000. Anna, wadda aka samar a Isra'ila, da Dorsett Golden, wadda aka samo a tsibiran Bahamas, bukatarsu ba ta wuce awa 200 zuwa 300 ba, shi ya sa su ake kaiwa ƙasashen zafi, kuma ana haɗa su wuri ɗaya don furen ɗaya ya ba ɗaya barbara. To amma ko wannan ɗan sanyin ba mu da shi. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, Mambila ta kai wajen 1,600, mu kuwa a nan kwarin gulbi da kaɗan muka haura mita 200, kuma hunturun da ke sa mu kwana da rigar sanyi da wuya ya sauko digiri 10. Bishiyar ba ta samun umarnin yin barci, tsohon ganye ya ƙi zuba, idanun da ke ƙarƙashinsa su ci gaba da zama a rufe, ƙarshen reshe kaɗai ya riƙa tohowa.

Manoman tuffa na ƙasashen zafi dabara suke yi wa wannan. A yankin Batu da ke tsibirin Jaba na Indunusiya, da hannu suke tsige ganyen bishiyar gaba ɗaya bayan girbi, su lanƙwaso rassan su ɗaure su a kwance, bayan 'yan makonni idanun su fashe gaba ɗaya, har suna girbi sau biyu a shekara. Amma ban ce ka yi haka yanzu ba, domin bishiyar da saiwarta ke ciwo in aka raba ta da ganyenta ba lallai ta sami ƙarfin fitar da wani ba.

Gani ya kori ji, Malam. Ka zaɓi mafi rauni a cikin biyar ɗin da suka tsaya, ka haƙa kewaye da ita a hankali ka ciro ta da ƙasarta, ka wanke saiwar a bokiti ka duba. Ka ga inda mahaɗar auren take, ka kankare ɓawon gindin da farce ka ga launinsa, ka shinshina saiwar, ka kuma duba ko akwai ƙulle-ƙulle a jikinta kamar 'ya'yan carbi, tun da ka ce wurin tumatir da kuɓewa ne, su kuwa suna tara ƙananan tsutsotsin nan na ƙasa da ido ba ya gani. Sai ka dawo ka faɗa mana.

Wani dattijo manomin rani a Talata Mafara ya rubuta:

Salamu alaikum. Bayanin malamin gona ya gamsar, ba ni da abin da zan ƙara a kan ilminsa, amma ina so ɗana mai lambun Argungu ya ji ta bakin wanda ya taɓa shan wannan wahalar. Na dasa tuffa 6 a gonata da ke shan ruwan madatsar Bakolori, na yi shekara huɗu ina hidima da su, kuma duk abin da suka tara na ƙarfi da damina da hunturu sai watan Afrilu da Mayu su ƙwace shi, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma iska ke busowa kamar daga bakin tanderu. Ɓawon ɓangaren da ke kallon yamma ya riƙa tsagewa, gara ta sami ƙofa, daga ƙarshe na sare su.

Idan don sha'awa kake yi, ka riƙe biyu ko uku ka ji daɗinsu. Idan kuwa lissafin kasuwa ne, ka nemi magarya mai aure, wadda maƙwabtanmu na Nijar ke kira tuffar Sahel. Reshen magaryar Indiya mai manyan 'ya'ya ake ɗaurawa a kan magaryarmu ta daji, kuma cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke kusa da Yamai ta daɗe tana yaɗa ta. Ba ta neman sanyi, ba ta tsoron bazara, kuma ku da kuke da hanyar Kamba zuwa Gaya kun fi mu kusa da inda ake samunta. Allah ya ba da sa'a.

Wata malamar makaranta a Gusau ta rubuta:

Assalamu alaikum. Baba na Talata Mafara ya faɗi gaskiya game da bazara, amma ina neman izini in kawo nawa labarin, don kada Malam ya yanke ƙauna tun yanzu. Ina da Anna ɗaya da Dorsett ɗaya a tsakar gida, shekararsu uku da rabi, kuma a shekarar farko su ma tsayawa suka yi cik. Abin da na lura da shi shi ne wadda ke kusa da katangar yamma, wadda inuwa ke rufewa daga azahar, ta fi ɗayar walwala nesa ba kusa ba, sai na sa aka kafa wa ɗayar zana a ɓangaren yamma daga watan Maris har ruwa ya sauka. Karan kuma na shafe shi da farin fenti irin na ruwa wanda na tsinka da ruwa rabi da rabi, tun daga ƙasa har inda rassa suka fara, kuma tun daga nan ɓawon bai sake tsagewa ba.

Ruwan safe da yamma kullum ya yi yawa, Malam, musamman a ƙasar fadama. Ni sai na tura yatsa cikin ƙasa na ji ta fara bushewa nake ba su, wanda da hunturu yakan kai kwana uku ko huɗu, da bazara kuma kwana ɗaya ko biyu, amma in zan ba su ina ba su sosai har ya nutsa. Na lulluɓe kewayen gindin da buntun shinkafa, wanda ku a Argungu kun fi kowa samunsa, sai dai ina barin tazarar tafin hannu tsakanin buntun da karan, kuma duk mako ina yaye shi in duba, domin gara tana son irin wannan wurin. Na taɓa yin sakaci na mako uku lokacin jarrabawa, na dawo na tarar ta yi gini ya hau karan har taƙi guda.

Furen da ka bari a Fabrairu shi ma ya ci ƙarfinsu. Na san da ciwo mutum ya tsinke furen da ya daɗe yana jira, ni kaina sai da na kawar da kai nake tsinkewa, amma shekara biyun farko ban bar ko ɗaya ba. A ƙarshen Disambar da ta wuce ne na tsige musu ganye, suka yi fure, na bar kaɗan, na samu 'ya'ya 14. Ba su kai girman na kasuwa da ake shigo da su daga Afirka ta Kudu ba, suna da ɗan tsami, amma yara ba su bar ko ɗaya ya kwana ba.

Mai lambu a Argungu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Jiya bayan la'asar na ciro ɗaya kamar yadda malamin gona ya ce, kuma abin da na gani ya ba ni kunya. Kumburin auren yana can ƙarƙashin ƙasa da kusan taƙi ɗaya, ni kuwa tun ranar dashe na gan shi na ɗauka tabon rauni ne, har na ji daɗin rufe shi. Da na kankare ɓawon wurin, ɓangare ɗaya kore ne mai ɗanye, ɗaya ɓangaren kuma ya yi ja-ja yana saɓulewa, da ɗan wari kamar na jiƙaƙƙen gero da ya kwana. Saiwar ba ta bazu ba ko kaɗan. Tana nan a nannaɗe da siffar ledar da ta zo a ciki, kamar gammo, har wata babba ta zagaye karan ta shaƙe shi, ƙananan kuma yawancinsu baƙaƙe ne suna tsinkewa da an taɓa. Ban ga ƙulle-ƙullen nan masu kama da carbi ba, ban kuma ga gara ba.

Ramin gwajin da na cika jiya, yau da na koma akwai ruwa a cikinsa har tsawon yatsa. Na tone gindin sauran 9 da hannu, duk an binne mahaɗarsu, amma 6 ɓawonsu lafiya lau yake. A can saman lambun, wajen da ƙasar ta fara zama jigawa, ina da fili kusa da wani dogon yaro da ke ba da inuwar yamma. Shin in ciro su yanzu in mayar can, ko in jira? Shawarar Baba ta magarya kuma na karɓa, zan sa ta a gurbin waɗanda suka mutu.

Malamin gona mai ritaya a Birnin Kebbi ya sake amsawa:

Madalla, Malam, yanzu mun san inda ciwon yake. Kada ka ciro su a wannan zafin na kaka. Ka bar gindin a tone yadda mahaɗar za ta sha iska, ka buɗe wa kowane rami 'yar hanya don kada ruwa ya taru a ciki, ka rage ban ruwa kamar yadda Malama ta bayyana, sai tsakiyar Disamba, in hunturu ya kankama kuma bishiyar ta lafa, ka mayar da 6 ɗin nan masu lafiya da yamma. Ukun da ɓawonsu ya fara ruɓewa ka kankare ruɓar har ka kai ga ɗanyen ɓawo, ka bar wurin ya bushe. Wadda ruɓar ta zagaye karanta gaba ɗaya ba za ta tashi ba, kada ka kai ta sabon wurin, kuma kada ka kai ƙasar gindinta can.

Wajen sabon dashen, ramin ya zama mai faɗi, amma zurfinsa kada ya wuce tsawon saiwar. Ka warware gammon nan da yatsunka, ka yanke wadda ta shaƙe karan da wuƙa mai tsabta, ka datse baƙaƙen, ka shimfiɗa sauran su kalli kowace kusurwa, sa'an nan ka rage tsawon rassan da kamar kashi ɗaya cikin uku don saiwar da ta ragu ta iya ɗaukar nauyinsu. Ruɓaɓɓen takin shanu da ya shekara za ka baza a sama, ban da ɗanyen kashin kaji. Kamfa sai sabon toho ya kai tsawon yatsa, shi ma cikin kwalin ashana biyu ya isa, a zagaye nesa da karan. Maganin iskar da kake tsoro kuwa turke ne da tsumma mai laushi.

Dogon yaron ne ban natsu da shi ba, domin saiwarsa tana tafiya nesa kuma za ta riga tuffar shan duk ruwan da ka zuba. Taku nawa ne tsakaninsa da filin, kuma idan ka haƙa kamu ɗaya a wurin kana cin karo da saiwarsa?